Ɗakin Da Ke Tsare Ran Mai Shi

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, duk inda kuka taru kusa da akwatin rediyo. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gidan Sori, da na Gidan Rumji, da Tibiri, da Agye, da Gazawa, da sauran garuruwan jihar Maraɗi. Ina gajiya? Ina aikin gona? Allah ya ba mu damana mai albarka.

Yau zancenmu bisa gini ne. Kowa a cikinku yana da ɗakin da yake kwana. Kowa yana da yaron da yake turawa makaranta. To, tambayarmu ita ce: ɗakin nan yana tsare ranka, ko kuwa kai ne kake kwana da ido ɗaya in hadari ya taso? Za mu duba abin da ke kayar da ɗaki. Za mu ji labarin wata ɗiyar ƙasar nan wadda ta mai da wannan tambaya aikin rayuwarta, har ta zama babbar malama a jami'a. Daga ƙarshe za mu faɗi abin da kowane mai gida zai iya yi da hannunsa. Ku gyara zama, ku ajiye alli da allo kusa, don akwai ɗan lissafi a gaba.

Abin da ya sa muke wannan magana

Tsofaffin Maraɗi suna tuna shekarar 1945. A da, garin yana cikin kwari ne, kusa da gulbi. A shekarar nan ruwa ya zo ya ci gari, sai aka tashi aka koma bisa tudu, inda birnin yake yau. Darasi na farko ke nan: wurin da ka kafa gida ya riga tubali muhimmanci.

A shekarar 2021 ƙasarmu ta yi kuka sau biyu. Ran 13 ga Afrilu wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba irin wannan gobara ta auku a birnin Maraɗi, ƙananan yara aƙalla 25 suka rasu, masu shekara 5 zuwa 6. Bayan wannan ne gwamnati ta hana a zaunar da yara ƴan ƙanana, waɗanda ba su kai shiga ajin farko ba, cikin azuzuwan zana.

A damanar 2024 kuma ruwa ya yi yawa ƙwarai. Mutane fiye da 300 suka rasa rayukansu a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wasu ruwa ne ya tafi da su, wasu da yawa ɗakunansu ne suka faɗa musu. A Damagaram, tsohon masallacin ƙasa wanda ya haura shekara 150 ya rushe a farkon watan Satumba. Har komawa makaranta sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, don mutanen da gidajensu suka faɗi suna zaune cikin azuzuwa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Rai da ajali na Allah ne. Amma Allah ya ba mu hankali, an kuma ce rigakafi ya fi magani.

Me ke kayar da ɗaki?

Ɗan'uwa mai saurare, ɗakin ƙasa ba ya faɗuwa dare ɗaya. Yana daɗewa yana ba da labari, sai dai mai ɗakin bai saurara ba.

Maƙiyi na farko shi ne ruwa. Ruwa yana shiga ta ƙasa, yana kuma shiga ta sama. In ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasar bangon tana shan sa kamar yadda tsumma ke shan ruwa. Gindin ya yi taushi, ya zaizaye, alhali kuwa shi ne ke ɗauke da dukan nauyi. Ta sama kuma, in indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya taru bisa soro, ya nemi tsaga ya shiga.

Maƙiyi na biyu shi ne gara. Gara tana cin icce daga ciki, ta bar maka ɓawo. Kana duban azara kana ganin lafiya lau, ashe cikinta ya zama gari. Kakanninmu suna neman azarar giginya, don gara ba ta cika damunta ba. Yau giginya ta yi wuya, ta yi tsada. Mutane suna rufi da kowane iccen da suka samu, ko siriri ne, ko ɗanye ne.

Yanzu ga lissafinmu. Ku rubuta. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3. Huɗu sau uku, 12 ke nan. In kaurin ƙasar da ke bisa rufin ya kai santimita 20, wato kamar taƙi ɗaya na hannun babba, nauyinta ya kai kilo 4,000 ko kusa da haka. Buhun siminti kilo 50 ne. Ku raba 4,000 gida 50. Nawa kuka samu? 80. Wato nauyin buhun siminti 80 yana rataye bisa kanka da kan iyalinka kowane dare. Wannan kuwa ƙasa busassa ce. In ta sha ruwa, nauyin ya ƙaru. In kowace shekara kana ƙara sabuwar ƙasa bisa tsohuwa ba ka kankare ba, nauyin ya ƙara ƙaruwa. To, ka ga dalilin da ya sa ba a wasa da azara.

Maƙiyi na uku shi ne wuta. Zana da kara da shuci suna kamawa cikin ƙiftawar ido, balle lokacin hunturu da iska ke kaɗawa. In aji yana da ƙofa ɗaya ƙarama, yara kuma sun yi yawa, ta ina za su fita?

Akwai na huɗu wanda ba a cika lissafa shi ba, shi ne zafi. Ɗakin bulo da rufin kwano ba ya jin tsoron gara, amma a watan Afrilu da Mayu yakan zama tanda. Tsoho da jariri da marar lafiya su ne suka fi wahala a ciki. Ɗakin da ya tsaya da ƙafafunsa amma ya hana mai shi barci, bai gama aikinsa ba.

Ilimin da muka gada

Kada wani ya ce maka ilimin gini daga Turai ya fara. A Zariya, kusan shekara 190 da suka wuce, wani magini mai suna Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a da ƙasa da azara. Bakan gizon da ya ɗaure a ciki, masana daga ƙasashe da yawa sun zo sun auna shi, sun rubuta littattafai a kai. Maginanmu sun san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana sa yaɓe ya jure ruwa. Sun san laso. Sun san bango ya kamata ya yi kauri a gindi, ya dinga sirancewa yana hawa.

A ƙasarmu kuma akwai Alhaji Falke Barmu na Yama, cikin jihar Tawa. Manomi ne, magini ne. A 1962 mutanen garinsu suka sa shi ya gina musu masallacin Juma'a, kowa ya kawo abin da zai iya: wani tubali, wani ruwa, wani icce. A 1975 ya sabunta rufin, ya yi masa tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da kamanninta. A 1986 masallacin Yama ya ci kyautar Aga Khan, wadda tana cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. Ku riƙe sunan Falke Barmu, za mu sake haɗuwa da shi.

Ɗiyar Nijar da ta bar kwamfuta ta kama ƙasa

Sunanta Mariam Issoufou, wasu sun san ta da Mariam Kamara. An haife ta a 1979 a ƙasar Faransa, ta girma a Nijar. Da ta gama makarantar sakandare sai ta tafi Amurka. Can ta karanta ilimin kwamfuta a jami'ar Purdue, ta gama a 2001. Ta ƙara wani digiri a jami'ar New York a 2004. Ta yi shekaru tana aikin kwamfuta, tana samun abin rufin asiri.

Amma zuciyarta tana wajen gini. Tana da shekara 30 da ƴan kai ta ajiye aikin, ta koma aji ta zauna kamar sabuwar ɗaliba. Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci da furfura a kai, kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. An ce gemu ba ya hana ilimi. A 2013 ta gama karatun tsara gine-gine a jami'ar Washington. Binciken da ta yi na kammala karatu ya duba yadda mata da ƴan mata suke samun wurin zama da walwala a titunan garuruwan Nijar. Kun ga tun daga nan ta fara da mutum kafin ta zo kan bango.

A 2014 ta buɗe ma'aikatarta a Yamai, ta sa mata suna na Hausa: Masomi. Tare da abokan aikinta suka gina wasu gidaje 6 masu bene a Yamai, aka gama a 2016, ana kiransu Niamey 2000. Da tubalin ƙasa aka gina su, a tsakiyar babban birni, inda mutane da yawa suke ganin ginin ƙasa alamar talauci ce. An tsara su yadda iska za ta ratsa, kowane gida da tsakar gidansa da sirrinsa, kamar yadda muka saba.

Ta koyar a jami'ar Brown da ta Harvard a Amurka. A 2022 babbar makarantar fasaha ta birnin Zurik, a ƙasar Suwis, ta ba ta kujerar farfesa, wato shehiyar malama. Fanninta shi ne gine-ginen gado da gini mai ɗorewa. Ɗaliban Turai suka zauna gabanta suna koyon abin da ya samo tushe daga ƙasar Hausa.

Wani zai ce: mene ne aikin malamin jami'a a kan gini, tun da ba shi ke cuɗa ƙasa ba? Aikinsa kashi uku ne. Yana tambaya, yana gwadawa, yana koyarwa. Yakan je wurin mutane ya ji abin da ke damunsu. Yakan ɗauki tubali ya sa shi cikin na'ura ya danne har ya fashe, don a san nauyin da zai iya ɗauka. Yakan auna zafin ɗaki da rana da dare. Abin da ya gano ya rubuta, don maginin da bai taɓa gani ba ya amfana. Magini yana koyo daga ɗakunan da ya gina da hannunsa. Rubutu kuwa yana tara darasin ɗakuna dubu wuri ɗaya.

Abin da aka yi a Dandaji

Dandaji ƙauyen Hausawa ne a jihar Tawa. Tsohon masallacinsu na Juma'a aikin Falke Barmu ne. Da shekaru suka tura, ginin ya lalace, jama'a kuma sun yi masa yawa. Aka fara zancen a rushe shi a yi na siminti.

Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, mutuniyar Iran, suka zauna da mutanen gari, maza da mata. Shawarar da aka tsayar ita ce: a gyara tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi wanda zai ɗauki mutum 1,000. Aka nemo maginan da suka yi aikin tsohon ginin, aka sa su cikin aikin. Su suka nuna yadda ake ɗaurin rufi irin na da. Su kuma suka koyi sababbin dabarun kare bango daga zaizaya. Jan ƙasar da aka yi tubali da ita daga kusa da gari aka haƙo ta. Siminti da ƙarfe an sa su ne inda nauyi ya bukata. Aka yi rumbun ruwa a ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan sama, don shayar da itatuwan da aka dasa a fili. An gama aikin a 2018, aka sa masa suna Hikma. A ɗakin karatun nan yara suna bitar darasi, manya kuma suna da wurin koyon karatu da rubutu, kamar ku.

A shekarar nan kuma ta tsara wa Dandaji kasuwa. Akwai wani tsohon icce da mutane suka saba cin kasuwa a gindinsa. Ba a sare shi ba. Shi aka kewaye da rumfuna, aka yi musu inuwa da faifan ƙarfe masu launi, wani bisa wani, don iska ta wuce.

Darasin Dandaji a fili yake. An tambayi masu wuri kafin a ja layi. An girmama tsohon magini. An kawo na'ura don ta taimaki hannunsa.

Makwabtanmu ma suna da irin wannan labari. A Burkina Faso akwai Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando. Yana yaro ya sha zafi cikin ajin bulo marar iska. Da ya sami karatu a Jamus sai ya komo ya gina wa ƙauyensu makaranta da tubalin ƙasa a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don zafi ya fice. Mutanen gari ne suka yi aikin da hannunsu. Shi ma ya zama farfesa, a birnin Munik. A 2022 ya ci kyautar Pritzker, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Dabara biyu da ya kamata ku sani

Ta farko ita ce tubalin matsi. Ana tankaɗe ƙasa a fitar da tsakuwa manya da saiwoyi. A gauraya ta da siminti kaɗan, kamar mudu 1 cikin mudu 20 na ƙasa. A yayyafa ruwa, ta yi danshi kawai, kada ta zama taɓo. A zuba cikin injin hannu, a danna dogon ƙarfe, tubali ya fito da kusurwa huɗu santal. Injin nan an ƙirƙiro shi ne a ƙasar Kolombiya cikin shekarun 1950, ba ya shan mai, ba ya bukatar lantarki. Tubalin ba a gasa shi, saboda haka ba a ƙona icce. Amma akwai sharaɗi: a jera shi a inuwa, a rufe, a dinga yayyafa masa ruwa, a jira kamar mako 4 kafin a yi gini da shi. Wanda ya yi gaggawa ya ɓata simintinsa a banza.

Ba kowace ƙasa ke yin tubali ba. Ga gwajin da za ku iya yi a gida. Ku sami kwalba mai haske. Ku zuba ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin uku, ku cika da ruwa, ku girgiza sosai, ku ajiye ta kwana. Da safe za ku ga yashi ya kwanta a ƙasa, laka mai laushi ta hau bisa. In yashi ne kusan duka, tubalin zai marmashe. In laka ta yi rinjaye, zai tsattsage in ya bushe. Ana son yashi ya fi yawa, laka kuma ta isa ta riƙe shi.

Dabara ta biyu ita ce gini ba icce. Asalinta daga ƙasar Nuba ne, a kudancin Masar, inda aka yi shekaru dubbai ana rufe ɗaki da tubali kaɗai. Wani masanin gini na Masar, Hassan Fathy, shi ya farfaɗo da ita cikin shekarun 1940. A 1980 wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta kawo dabarar Nijar, a garin Cikal na gundumar Filinge. Daga baya aka horar da magina a wasu sassan ƙasar, har da Mali da Burkina Faso. Ana jera ƙananan tubala a karkace, kowane layi yana jingine da na bayansa, har rufi ya haɗe kamar bayan kunkuru ko kamar ƙwarya a kife. Babu azara, saboda haka gara ba ta da abinci, wuta ba ta da abin kamawa.

Amma ku ji gargaɗi. Irin wannan rufi yana tura bango waje. In bango bai yi kauri ba, ko harsashi bai zauna ba, zai buɗe. Ruwan samanmu kuma ya fi na Masar yawa, don haka dole yaɓe ya yi kyau, indararo ya yi faɗi. Kada wanda ya gani da ido kawai ya ce zai gwada a ɗakin iyalinsa. A nemi maginin da ya sami horo.

Ku mutanen Agye da Gazawa kun san darajar icce. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma cikin gona. Garin Ɗan Saga ya yi suna a kan wannan har ƙasashen waje. Duk ɗakin da aka rufe ba da icce ba, itatuwa ne aka bar wa gona.

Magini ma rai gare shi

Muna zancen mai kwana cikin ɗaki, kada mu manta da mai gina shi. Magini da lebura da yaron da ke miƙa tubali, kowa yana da masu jiransa a gida.

Wanda zai hau sama ya duba tsaninsa tukuna. A kafa tsani bisa ƙasa mai tauri, wani ya riƙe gindinsa. Katakon da ake tsayawa a kai kada a ɗora shi bisa tulin tubali mai rawa. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashin inda ake jefa tubali. Hular kwano ba ado ba ce.

Siminti yana cin fata. A sa safar hannu da takalmin roba, a wanke jiki da ruwa bayan aiki. Ƙurarsa tana cutar ƙirji, a rufe hanci da baki lokacin juye buhu. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a tafi likita.

Ramin da ake haƙar ƙasa, kada a yi masa kogo ta ƙasa a bar baki yana rataye. Haka yake rufta wa mutane. In damana ta zo ramin ya zama kududdufi, a hana yara zuwa wurin.

Masu zuba dakin na kankare kuma, ku sani kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa. Kada a cire sandunan da suka tokare shi da wuri don ana son kai su wani aiki. Kai kuma mai gida, in ka rage siminti ko ƙarfe don ka tsimi kuɗi, ka sani da ran iyalinka kake ciniki.

Hanyar ɗanka da ɗiyarka

Wataƙila wani uba a Gidan Sori yana cewa: wannan labarin masu zuwa Amurka ne, ina ruwan ɗan talaka? To, saurara. Hanyar tana farawa ne daga ajin farko na makarantar garinku, da lissafi da karatu. A birnin Maraɗi akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Akwai jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, inda ake koyar da aikin injiniyan gine-gine. A Yamai akwai makarantar EMIG. A Lome ta ƙasar Togo akwai makarantar tsara gine-gine da birane, wadda ƙasashen Afirka da dama suka haɗu suka kafa, har da Nijar. A Zariya akwai jami'ar Ahmadu Bello.

Yaron da ya tashi yana cuɗa ƙasa tare da ubansa ya riga ya san abin da ɗan birni zai koya daga littafi. In ya haɗa da karatu, ya riƙe igiya biyu. Ɗiya mace kuma, kun ji da kunnenku inda ɗaya ta kai. Kada a cire ta daga makaranta tun ba a ga iyakar ƙwaƙwalwarta ba.

Ku ma da kuke koyon baƙaƙe yanzu, karatunku yana cikin wannan aiki. Mai karatu yana iya duba awo a takarda. Yana iya rubuta yarjejeniya da magini: buhu nawa, kwana nawa, kuɗi nawa. Yana iya karanta sanarwar masu duba yanayi in sun ce ruwa mai yawa yana tafe.

Abin da za ku yi kafin ruwa ya sauka

Na ɗaya, ku zaga bayan ɗaki. Duk inda ruwa ke kwanciya a gindin bango, ku cike, ku yi masa gangare ya gudu nesa. Ku yi wa bango dakali.

Na biyu, ku hau soro ku share indararo. Ya zama dogo, yana zubar da ruwa nesa da bango.

Na uku, ku ƙwanƙwasa kowace azara da sanda. Wadda ta yi ƙarar holoƙo, ko wuƙa ta shige ta da sauƙi, a canza ta.

Na huɗu, ku toshe tsaga tun tana ƙarama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. In tsaga tana ƙara buɗewa, ko ƙofa ta fara ƙin rufuwa, ko ƙasa tana zubowa daga rufi, ku fitar da iyali a daren nan, kada ku jira safiya.

Na biyar, kada ku yi sabon gini a hanyar ruwa, ko da shekara 20 ta wuce bai bi ta nan ba. Ku tambayi tsofaffi inda gulbi ya taɓa kaiwa.

Na shida, ku je makarantar yaranku ku gani da idonku. In ajin zana ne, ya kasance da ƙofa biyu masu faɗi. A raba azuzuwa da juna, a nisanta su da murhun masu tuya. A ajiye tulun ruwa da yashi kusa. Malam ya koya wa yara yadda za su fita a jere ba turereniya. Iyaye kuma ku haɗa kai, ku yi gayya, ku je wurin magajin gari da shawarar gina aji na tubali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyin tattaunawa

Bayan an rufe rediyo, malaminku zai karanta muku waɗannan tambayoyi, ku yi shawara a kansu.

Ɗakuna nawa suka faɗi a garinku a damanar 2024, kuma me ya kayar da kowane ɗaya?

Wane tsohon magini ne a garinku ya san makuba da ɗaurin rufi, kuma wa yake koya wa?

Ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 3, in kaurin ƙasar rufinsa santimita 20 ne, ya fi namu na ɗazu nauyi ko bai kai ba?

Kalmomin da za ku rubuta a allo yau su ne: gini, tubali, azara, indararo, rigakafi.

Jama'a, nan za mu dakata. Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa mu ga ƙarshen damana lafiya. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.